Ina zan samo tarihin tsohon jirgin katako marar inji kafin in zuba kuɗina?

Ɗan Kafinta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman wanda ya san kan rajistar jiragen sama, musamman ta Jamus, ya ba ni haske.

A arewacin Ingila nake zaune, ina aikin katako a wani kamfani mai haɗa matakala da tagogi. Sana'ar gidanmu ce tun daga Kano. Asabar da Lahadi kuma ina zuwa kulob ɗin masu tuƙa gilaida, jirgin nan marar inji da ake fizgawa sama da waya, a sake shi ya nemi iska mai hawa da kansa. An daɗe da ba ni izinin tashi ni kaɗai, amma jiragen kulob sun yi mana kaɗan, ranar da sama ta yi kyau sai ka wuni a layi. To akwai wasu dattawa da suka haɗa kuɗi suka mallaki wani tsohon Ka 6, ɗaya daga cikinsu ciwon gwiwa ya sa ya ajiye tuƙi, suka ce in ina so in sayi kasonsa.

Ga wanda bai san Ka 6 ba: kamfanin Schleicher ne ya ƙera shi a garin Poppenhausen na Jamus, zanen Rudolf Kaiser, ya fara tashi a 1955. Katako ne da filawud da yadi tun daga hanci har wutsiya, faɗin fukafukai mita 15, nauyinsa in ba kowa a ciki bai kai kilo 200 ba. In ka sake shi daga tsayin kilomita ɗaya a iska mai lafiya zai kai ka kusan kilomita 30 kafin ya taɓa ƙasa. Da irinsa Heinz Huth ya ci gasar duniya a 1960 da 1963. Ranar da na fara shafa bayan fiffikensa na ji yadda aka lanƙwasa filawud ɗin ba ƙari ba kumburi, na san wanda ya yi aikin ya sha madarar sana'a.

Ga damuwata. Littafin tarihin jirgin ya fara ne daga ranar da aka shigo da shi Ingila a shekarun 1970. Zamansa na Jamus babu ko layi ɗaya. Na haska fitilar waya ta ƙaramar ƙofar dubawa da ke ƙarƙashin fiffiken hagu, sai na ga wani faci a jikin filawud, gam ɗin wurin ja ne mai duhu, sauran jirgin kuwa gam ɗinsa ya fi haske. An yi gyara ke nan, kuma ba ya cikin littafi. Dattawan sun ce haka suka same shi.

Na shiga G-INFO, wato rajistar hukumar jiragen sama ta Birtaniya da kowa ke iya bincikawa kyauta. Tarihin jirgin a can bai wuce 2008 baya ba. Abin da na gani kuma ban yi zato ba shi ne sunan ɗaya daga cikin dattawan da adireshinsa, a fili, ba a tambaye ni ko ni wane ne ba.

Tambayata biyu ce. Ta yaya zan tono shekarunsa na Jamus, don ba na son cinikin biri a sama a kan abin da zan ɗora raina? Sannan in na shiga, ni ma haka za a baje sunana da ƙofar gidana a intanet?

Injiniya Maraɗi:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ni a Jamus nake, kuma ina tashi da irin waɗannan tsofaffin, don haka bari in fara da abin da ba za ka so ji ba: a nan ba za ka samu irin G-INFO ba. Hukumar da ke riƙe da rajista ita ce LBA da ke Braunschweig, kuma ba ta baza sunayen masu jirage ga jama'a. Dokar kare bayanan mutum a ƙasar nan ba wasa ba ce. Ƙari a kan haka, lambar gilaida a Jamus harafin D ne da alƙaluma huɗu, kuma in an soke rajistar wani jirgi ana iya ba wani sabo lambarsa. Ko da ka gano tsohuwar lambar naka, tana iya zama yau a jikin wani jirgin roba da bai haɗa komai da shi ba.

Abin da za ka kama shi ne lambar masana'anta, wadda Schleicher ya ba shi ranar da ya fito. Kamar lambar casis ce a mota: ana canza lambar gaba da baya, ita tana nan. Ka nemi ɗan farantin ƙarfe a cikin gangar jirgin. Amma kada ka tsaya nan, ka duba gindin kowane fiffike da na wutsiya, galibi an buga lambar a can ma. Dalilina shi ne a shekarun da waɗannan jirage ke da yawa a kulob-kulob, in biyu sun yi hatsari akan ɗauki fukafukan wannan a haɗa da gangar wancan. In lambar fiffikenka na hagu ta saɓa da ta gangar, to tarihi biyu kake nema, ba ɗaya ba.

Batun 2008 kuma ba ɓoye maka komai aka yi ba. Gilaida a Birtaniya shekara da shekaru ba ya shiga rajistar gwamnati. Ƙungiyar masu wasan ce, BGA, wadda aka kafa a 1929, take ba kowane jirgi lamba da haruffa uku, ita ke ba da takardar lafiyarsa. Sai da dokokin Tarayyar Turai suka shigo aka tilasta wa yawancinsu ɗaukar lambar rajistar gwamnati mai farawa da G, wajen 2007 zuwa 2008. Saboda haka tarihin jirginka daga shigowarsa Ingila zuwa lokacin yana ƙarƙashin lambar BGA, kuma takardar da aka cike ranar shigo da shi ita ce ta fi kusa ta ambaci tsohuwar lambarsa ta Jamus. Yawancin tsofaffin jiragen kamfanin Slingsby na Ingila ma har yau ba su da G, in ka neme su a G-INFO ba za ka gan su ba sam, alhali suna nan suna tashi.

Da lambar masana'anta a hannunka, rubuta wa Schleicher. Kamfanin yana nan a Poppenhausen tun 1927, kuma har yanzu shi ke da alhakin wannan samfurin. Kusa da su a kan tsaunin Wasserkuppe akwai gidan tarihin gilaida, a wurin da aka fara gasar a 1920 lokacin da yarjejeniyar Versailles ta ɗaure wa Jamusawa hannu a kan jirage masu inji. Sai kuma Vintage Glider Club, wanda Chris Wills ya kafa a 1973. Cikin 'yan ƙungiyar akwai tsofaffin da suka ƙare rayuwarsu suna tara jerin lambobi da hotuna, ka ba su lamba su gaya maka kulob ɗin da ya fara saye. In ka samu sunan kulob ɗin ka rubuta musu. Kulob ɗin ƙauye a Jamus bai cika zubar da takarda ba.

Amma ni a ganina ka fi gwamnatin kowace ƙasa sanin amsar tambayar da ta fi muhimmanci, tunda kafinta ne kai. Jan gam mai duhu da ka gani ya yi kama da Aerodux, shi kuwa yana jure danshi da tsufa. Wanda ya fi ba mu tsoro shi ne gam ɗin asali. Jamusawa sun daɗe suna amfani da Kaurit, wanda in ya sha zafi da danshi shekara da shekaru yakan bushe ya yi ƙwari ya saki, katakon kuma yana nan sumul kamar ba abin da ya faru. Shi ya sa BGA ta wajabta binciken gam na musamman a kan jiragen katako na Schleicher. Ka nemi takardar binciken ƙarshe. Ka auna gangaren facin nan, a filawud ana son 12 zuwa 1 ko fiye, a babban ginshiƙin fiffike 15 zuwa 1. Ka shinshina cikin fiffiken da cikin tirelar da ake ajiye shi, warin ruma ba ya ƙarya. Sannan ka jera takardun awon nauyinsa daga na farko zuwa na ƙarshe. Kowane gyara da kowane fenti yana ƙara masa kilo, kuma kilon nan daga nauyin da aka yarda matuƙi ya kai ake cire shi. Na san mutumin da ya sayi jirgi ya gano shi da lemarsa ta dirowa sun fi ƙarfin kujerar.

Garba Houston:

Injiniya ya gama magana a kan katako. Ni dai in ce da a Amurka jirgin nan ya yi ƙuruciyarsa, da wannan wahalar ba ta same ka ba. Rajistar FAA, hukumar jiragen sama ta Amurka, tana Oklahoma City, kuma ba suna da adireshi kaɗai take bayarwa ba. Da kuɗi kaɗan kowa zai iya neman kwafin fayil ɗin jirgi gaba ɗaya: takardar ciniki daga mai shi na farko zuwa na yanzu, bashin da aka jingine shi a kai, da takardar da ake kira Form 337, wadda doka ta ce a cike a aika musu duk lokacin da aka yi babban gyara ko aka canza wani abu a jikinsa. Na taɓa neman na wani tsohon jirgi mai kujera biyu da muka so saye, mai shi yana rantsuwa bai taɓa ko ƙwarzane ba. Fayil ya zo, ga zanen hannu na makanike yana nuna inda ya yanke ginshiƙin fiffike ya yi masa gwami, da sa hannunsa da lambar lasisinsa. Ba mu fasa saye ba, amma farashi ya sauko, kuma mun san inda za mu riƙa dubawa.

Wannan shi ne amfanin a bar rajista a buɗe. Littafin jirgi yana hannun mai sayarwa, yana iya ɓata, yana iya ƙonewa, yana iya "ɓata" da gangan. Kwafin da ke hannun hukuma ba mai iya yage masa shafi. Kuma abin da ke wucewa ta saman gidajen mutane, ai mutanen suna da haƙƙin sanin na wane ne.

Abin takaici nan ma an fara rufewa. Bayan rigimar ɗalibin nan da ke wallafa zirga-zirgar jirgin Elon Musk, har aka dakatar da shafinsa a Twitter a Disamban 2022, majalisa ta sa wani sashe a dokar FAA ta 2024 da ya ba masu jiragen kansu damar neman a ɓoye suna da adireshi. Tun Maris 2025 ake karɓar buƙatar. Don masu kuɗi aka yi, amma mai bin sawun tsohon gilaida shi zai ji a jikinsa, don hanyar da muke bi mu samu tsohon mai jirgi mu tambaye shi ita ce adireshin nan.

Barista Kaduna:

Malam Garba, ban yarda da kai duka ba. Kun haɗa abu biyu ne wuri ɗaya: tarihin jirgi da ƙofar gidan mai jirgi. Ɗan Kafinta yana bukatar ya san wa ya yi facin nan, da wane gam, a wace shekara. Bai bukatar sanin layin da tsohon nan yake kwana. Ana iya buɗe na farko a rufe na biyu, hukuma ta riƙa isar da wasiƙa ga mai jirgi in wani na nemansa.

Kuma ka duba wa buɗewar take kamawa. Attajiri ba ya sa sunansa a rajista. Kamfani yake buɗewa, ko ya ba wani banki amana ya riƙe masa, sai ka bincika ka tarar da sunan da ba ya nufin komai da akwatin gidan waya. Jiragen manyanmu da yawa a nan Najeriya ma ba lambar Najeriya mai 5N suke ɗauke da ita ba, lambar ƙasashen waje ce. Wanda ake gani tsirara shi ne malamin makaranta mai ritaya da ya haɗa kuɗi da abokansa suka sayi katako mai shekara 60. Ni da nake zaune inda ake ɗauke mutum saboda an ji ƙishin-ƙishin yana da abin hannu, ba zan taɓa ba wa ɗan'uwana shawarar ya sa adireshin gidansa kusa da kalmar "mai jirgin sama" ba, ko da jirgin bai kai kuɗin tsohuwar mota ba. Mai neman kuɗin fansa ba ya tambayar ko akwai inji.

Ta fuskar doka, babu abin da ya tilasta wa wata ƙasa ta buɗe wa jama'a. Yarjejeniyar Chicago ta 1944 kan sufurin jiragen sama ta ce jirgi yana da ƙasar da aka yi masa rajista, ba a yi masa a ƙasa biyu lokaci ɗaya, kuma sashe na 21 ya ce ƙasa ta ba da bayanin rajista da mallaka in wata ƙasa ko ICAO, hukumar jiragen sama ta duniya, ta nema. Ƙasa ga ƙasa ke nan, ba ni da kai ba. Shi ya sa Birtaniya da Kanada da Ostareliya suka buɗe, Jamus ta rufe, kuma duka suna kan doka. A nan gida wanda ke son bayani daga rajistar 5N yana iya rubuta wa NCAA, hukumar jiragen sama ta Najeriya, a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, amma sashe na 14 na dokar ya keɓe bayanan da suka shafi mutum, ga kuma dokar kare bayanai ta 2023 ta zo ta ƙara ƙarfafa hakan.

Ɗan Kafinta, tambayarka ta biyu: jirgin haɗaka a Birtaniya galibi da sunan mutum ɗaya ake rubuta shi a matsayin amintaccen ƙungiya, shi ya sa dattijo ɗaya kawai ka gani. In ba kai ka karɓi wannan kujerar ba, ba sunanka ne zai fito a shafin ba. Abin da zan ce ka dage a kai shi ne rubutacciyar yarjejeniya tsakaninku: kason kowa, wa zai biya in sufeto ya ce a buɗe fiffike, da yadda mutum zai fita in ya gaji.

Garba Houston:

Ranki ya daɗe Barista, maganar tsaro na karɓa. Amma hukumar da za ta zauna tana isar wa mutane wasiƙa, a wace ƙasa take?

Baba Ashaiman:

Salamu alaikum yarana. Jikana ne ya nuna mini hirar nan, shi ke rubuta mini. Kuna ta Jamus da Amurka, to mu nan Gana mun ga abin nan da idonmu. Zamanin Nkrumah an buɗe makarantar koyon wannan jirgi a Afienya, ba nisa da Tema, a kan hanyar Akosombo. Wata Bajamushiya ce Hanna Reitsch ta zo a 1962 ta kafa ta. Ina yaro lokacin, mahaifina yana fataucin shanu ta wannan filin, in mun bi ta wurin sai mu tsaya. Za ka ji waya tana kuka, jirgi ya miƙe tsaye kamar zai kife, sai wayar ta faɗo da 'yar lemarta, shi kuma ya tafi abinsa ba ƙara. Da rana tsaka ka gan shi yana kewayawa tare da ungulaye a wuri ɗaya, suna hawa tare. Akwai wani mai faɗi da mutum biyu ke zama kafaɗa da kafaɗa, kansu a waje ba rufi, in ya sauko kusa har muryarsu kana ji.

Da aka yi juyin mulki a Fabrairun 1966 matar ta bar ƙasar, abin ya lafa. Tun lokacin nake son in ji inda jiragen nan suka shiga, gara ce ta cinye su ko an sayar. Tunda kun ce akwai littafin da ake rubuta kowane jirgi, ta ina jikana zai fara?

Ɗan Kafinta:

Na gode ƙwarai jama'a. Injiniya, na je na duba, lambar fukafukan biyu ta yi daidai da ta farantin gangar, ta wutsiya ce daban. Na rubuta wa BGA da Schleicher, kuma na gaya wa dattawan ba zan biya ba sai sufeto ya yanke yadi mun ga gam ɗin haƙarƙarin fiffike tare. Ɗaya ya ɓata rai, sauran sun yarda a raba kuɗin. Barista, yarjejeniyar da suke da ita rabin shafi ce, za mu sake ta. Baba, Allah ya ƙara girma, mai kujera biyun da kuka gani Slingsby T.21 ne, a Kirkbymoorside aka ƙera shi, nan yankin da nake. Har yanzu akwai masu tashi da shi a nan, fasinja yana sanye da hular sanyi da tabarau.

Injiniya Maraɗi:

Baba, Allah ya ja kwana. Bayan T.21 ɗin, makarantar Afienya ta yi amfani da K 7 da K 8 na Schleicher da kuma Bergfalke na kamfanin Scheibe. Waɗannan ukun gangarsu bututun ƙarfe ce da aka lulluɓe da yadi, fukafukan ne katako, don haka in akwai abin da ya tsira daga danshin bakin teku, ƙarfen gangar ne da farantin lamba. Ita matar kuma yana da kyau jikanku ya sani kafin ya fara karatu a kanta: matuƙiyar gwaji ce ta gwamnatin Hitler, tana cikin na kusa da shi har kwanakinsa na ƙarshe a Berlin, kuma zuwanta Gana ya jawo surutu tun a lokacin.

Ya fara da hoto. Jaridun lokacin irin Daily Graphic sun ɗauki makarantar, kuma in lamba ta fito a jikin jirgi, ko 9G ce ta Gana ko tsohuwar D ta Jamus, an samu bakin zare. Kada ya dogara da rajistar farar hula kaɗai, don jiragen makarantun da ke da alaƙa da soja sukan ɗauki lambar soja, kamar T.21 na 'yan kadet ɗin Birtaniya da ba su taɓa shiga rajistar farar hula ba sai bayan an sayar da su. Daga nan sai gidan adana takardun gwamnati, PRAAD, a Accra, da hukumar jiragen sama ta Gana, inda zai iya rubuta buƙata a ƙarƙashin dokar samun bayanai ta 2019. Tunda gwamnatin Jamus ta Yamma ta tallafa wa aikin, akwai kuma ma'ajiyar takardun ma'aikatar harkokin waje a Berlin, wadda ke buɗe fayilolin da suka wuce shekara 30 ga masu bincike. In ya samo lamba ko hoto ya turo mini, ni zan rubuta musu wasiƙar da Jamusanci.